Maigida Ya Ce In Goge Kwanan Watan Madara, Wa Za a Kama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Shekara 3 ke nan ina aiki a wata bakala, wato ƙaramin shagon kayan masarufi, a Makka. Bayan alhazai sun watse kaya sun yi mana kwantai: madarar gwangwani, lemon kwali, cuku da biskit, wasu wa'adinsu ya wuce da wata ɗaya, wasu da wata huɗu. Maigidana ya kawo kwalbar tina (ruwan da ake goge fenti da shi) da auduga da wani ɗan hatimi mai lambobi, ya ce idan mun rufe da dare in goge tsohon kwanan watan in buga sabo. Ya ce kayan lafiyarsu ƙalau, kuma kowa haka yake yi. Na ce masa ba ni da lafiya, shi ya sa ban fara ba. Idan asiri ya tonu, shi za a kama ko ni? Ni dai yaron shago ne, lasisin ma ba sunana ne a kai ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanina. Wannan ciwon da ka ƙirƙira, ka ci gaba da jinyarsa tukuna, kada ka warke sai ka kai ƙarshen abin da zan gaya maka.

Ku biyun za a kama. Sai dai idan ƙura ta lafa, shi in ɗan ƙasa ne yana iya biyan tara, ya jira a cire takardar da aka liƙa masa a ƙofa, ya ci gaba da cinikinsa. Kai kuwa jirgi ne zai sauke ka a Kano ko Yamai da 'yar jakarka, kuma kai da dawowa aiki ƙasar nan har abada. Na san in ka koma shago zai kawo maka hujjoji, to hujjojin nasa duk na sha jin su, daga bakin waɗanda suka fi shi jari ma.

Na yi shekaru masu yawa a siton wani kamfanin shigo da kayan abinci a kudancin Jidda. Aikina duba ingancin kaya. Ni ke buɗe kwantena in ta iso daga tashar jiragen ruwa, ni ke sa hannu a karɓa ko a mayar, ni kuma ake turawa gaba duk ranar da masu bincike suka shigo. Ban karanci aikin lauya ba, amma dokokin nan na karanta su har sun zauna min a kai, tunda sunana ne a ƙasan takardu.

Akwai abu biyu da mutanenmu ke haɗawa wuri guda, alhali hukuma ta raba su. Na farko, kayan da suka yi esfaya suna nan a kan kanta, an manta ba a sauke ba. Mai binciken baladiyya, wato hukumar birni, ya shigo, ya zura hannu can bayan kanta, ya zaro gwangwani biyu ko uku. Nan za a rubuta tara, a kwashe kayan a lalata, idan abin ya maimaitu a garƙame shagon na wani lokaci. In kuma katan-katan aka tarar an jera ana sayarwa, to shi ma yana iya kaiwa gaban alƙali. Amma ko yaya aka yi, mutum yana da bakin cewa sakaci ne. Na biyu shi ne aikin da aka ba ka. Wanda ya sayo tina, ya sayo auduga, ya nemo hatimi, ya jira sai an sauke ƙofa da dare, da wane baki zai ce mantuwa ce? Kowanne cikin kayan nan shaida ne a kansa. Wannan shi Larabawa ke kira ghish tijari, kuma kalmarmu ta algus ma daga nan ta fito. Ba a ofishin baladiyya yake ƙarewa ba, niyaba ake miƙa shi, wato ofishin mai gabatar da ƙara, daga can sai kotu.

Dokar da ta fi kusa da kai ita ce Dokar Yaƙi da Algus a Kasuwanci, wadda aka zartar a 1429 bayan Hijira, wato 2008, tana hannun Ma'aikatar Kasuwanci. Ba ta tsaya kan wanda ya yi algus ɗin da hannunsa kaɗai ba. Ta haɗa da wanda ya fara bai gama ba, da wanda ya sayar, da wanda ya jera a kanta ko ba a saya ba, da wanda ya ajiye da niyyar sayarwa, har da wanda aka samu da kwalaye ko takardun liƙi da ake algus da su. Matakinta na farko tara ce da za ta iya kai riyal 500,000, ko ɗauri har shekara 2, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Idan kayan masu cutar da lafiyar mutum ko dabba ne, sai tarar ta tashi har riyal miliyan 1, ɗaurin kuma har shekara 3. Kotu tana da ikon rufe shagon har shekara 1. Za a lalata kayan, a ƙwace abubuwan da aka yi aikin da su, a mayar wa masu saye kuɗinsu. Sai kuma abin da 'yan kasuwa suka fi tsoro fiye da tara, wato tashhir: a buga hukuncin a jarida da sunan mutum da sunan shagonsa, kuma shi zai biya kuɗin bugawar. Mutum ya biya kuɗin tonon sililin kansa ke nan. Wanda ya sake cikin shekara 5 ana iya ninka masa. Baƙo kuwa, idan hukunci ya tabbata, sai ya gama abin da aka yanke masa sannan a tasa ƙeyarsa.

A bayan wannan akwai wata da ta fi ta nauyi, Dokar Abinci ta 1436, wato 2014, wadda ke hannun Hukumar Abinci da Magunguna, kwatankwacin NAFDAC a Najeriya. Ita ta ce duk wanda da gangan ya sa abinci mai cutarwa ko na algus ya shiga hannun jama'a, ana iya ɗaure shi har shekara 10, ko a ci tararsa har riyal miliyan 10, ko duka. Niyaba kuma ta sa algus ɗin da ke cutar da lafiya cikin manyan laifukan da ake tsare mutum a kansu tun ana bincike. Ba irin wanda za a ce ka je gida ka dawo ranar Lahadi ba ne.

In faɗa maka gaskiya, waɗannan lambobi iyakar abin da alƙali zai iya yankewa ne. A ƙaramar bakala sau da yawa abin da ake yankewa bai kai kusa da haka ba. Maigidanka ya san wannan, shi ya sa hankalinsa yake kwance. Amma tara ce ake ragewa, ɗauri ne ake sassautawa. Kora daga ƙasa ba ta da rabi.

Yanzu mu zo kan maganarka ta "ni yaron shago ne", don nan ne ramin yake.

Dokar algus ɗin ta ce duk wanda aka kama da wannan laifi ana ɗaukarsa a matsayin ya san kayan na algus ne. Ba sai hukuma ta wahala wajen tabbatar da cewa ka sani ba, kai ne za ka wahala wajen nuna ba ka sani ba. Sannan ta ɗora alhakin a kan mai sayarwa, da wanda ake sayarwar dominsa, da manajojin wurin, kowannensu da nasa hukuncin. Zuwa nan maigidanka yana ciki tsundum. Amma sai ta ƙara da cewa idan ɗayansu ya tabbatar abin ya faru ba da son ransa ba, ba kuma yadda zai iya hanawa, to hukuncin ya tsaya a kan wanda ya aikata kaɗai. An sa wannan ne don kare mai shago na kirki daga mugun yaro. Sai dai ƙofar da aka buɗe wa na kirki, ta nan mugun ma yake bi. Ka tambayi kanka: me ya sa bai goge da kansa ba? Me ya sa ya ce da dare, lokacin da shi yana gida? Kyamarar shagon nan wa za ta nuna a durƙushe gaban katan da auduga a hannu?

Na ga wannan da idona. Wata rana mandub ɗinmu, wato mai raba kaya shago-shago, ya ajiye min gwangwanin madara a kan tebur. Wata mata ce ta buɗe ta ga madarar ta yi gudaji ta koma ruwan ƙasa, ta mayar shagon aka yi mata tsawa, ta kira lambar da ke jikin gwangwanin. Na kifa shi na duba gindinsa. A tsakiya akwai wani da'ira da ƙyallin ƙarfen ya dushe, kamar inda aka goge tabo a gilashin mota. A kai an buga kwanan wata da tawada mai ɗan shuɗi, ya karkace kaɗan. Na jiƙa babban yatsana na murza, sai lamba ɗaya ta biyo yatsan. A ƙasa kuwa lambar rukuni, wadda kamfani ke buga wa duk kayan da aka yi a zubi ɗaya, tana nan daram, wanda ya yi aikin bai ma san amfaninta ba. Na buɗe rajista, cikin minti biyu na ga ranar da wannan rukunin ya bar sitonmu da shagon da aka kai wa, na ga kuma wa'adinsa na gaskiya ya wuce da wata biyar. Dole muka kai rahoto, domin sunan kamfaninmu ne a jikin kayan.

Da aka je, an samu hatimin da kwalbar tina a ɗan ɗakin da ke bayan shagon, inda yaron ke kwana, a ƙarƙashin katifarsa. Yaron namu ne, Bahaushe, bai fi sa'anka ba. Mai shagon ya iso cikin farar jallabiya tas, yana jan carbi, ya ce shi ƙarshen wata kawai yake zuwa karɓar ciniki, Allah ne shaidarsa. Yaron ya rantse har muryarsa ta dishe cewa sa shi aka yi. Aka ce ina shaida? Babu saƙo, babu takarda, babu wanda ya ji. Mai shagon bai fita haka nan ba, shi ma ya ɗanɗana. Amma labarin yaron na ƙarshe da ya zo min shi ne an wuce da shi Shumaisi, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Mahaifiyarsa ce ta zo har bakin sitonmu tana tambaya wane ne ya kai ƙara, na rasa inda zan sa kaina. Har yau abin yana min ciwo, ko da yake in aka sake ajiye min wannan gwangwanin abin da na yi shi zan sake yi.

Ka ce lasisin ba sunanka ne a kai ba. To ka bincika ko sunan maigidan naka ne ma. Bakaloli da yawa baƙo ne ke da jarin, ɗan ƙasa ya ba da sunansa yana karɓar wani abu duk wata. Wannan shi ne tasattur, kuma dokarsa ta 2020 ta kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Idan masu bincike suka shigo saboda madara, takardun shagon gaba ɗaya suke dubawa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A irin wannan rana mai sunan yana ƙoƙarin tsira da kansa, mai jarin yana ƙoƙarin tsira da nasa, ba wanda zai tuna da kai sai idan ana neman wanda za a nuna.

Batun cewa ba za a gane ba kuwa, wanda bai taɓa shiga masana'anta ba ne ke faɗin haka. Ƙa'idar ƙasashen yankin Gulf, wadda Saudiyya ke aiki da ita, ta ce kamfanin da ya yi abincin shi kaɗai ke sa ranar yi da ranar ƙarewa, a jikin ainihin mazubin ko takardarsa ta asali, da tawadar da ba ta goguwa ko a hatimce cikin ƙarfen. Ba a yarda a liƙa sitika mai kwanan wata ba, ba a yarda a ga kwanan wata iri biyu a abu ɗaya ba. Don haka sitika kaɗai ta isa ta tsayar da mai bincike. Injin masana'anta kuma ɗigo-ɗigo yake fesa lambobi, ka duba da kyau za ka ga kowace lamba 'yan ƙananan ɗigogi ne a jere. Hatimin hannu ba ya yin haka, layi yake ja mai kauri. Ga lambar rukuni da na ambata, ga kwanan watan da ke jikin katan wanda sau da yawa ake mantawa da shi a sito, ga tazarar da ke tsakanin ranar yi da ranar ƙarewa, wadda mai bincike ya haddace ta kowane irin kaya. Lemon da aka san wata kaza yake yi, in ya ga an ba shi ninkin haka, ya gama ganewa. Tun watan Disamba 2021 kuma fatura, wato rasitin ciniki, ta koma ta na'ura, sawun kowane katan yana nan daga ɗan sari zuwa shagonku. Kada ka manta da wadda ta fi su duka ido: uwar da ta haɗa wa ɗanta shayi ya kwana yana amai.

Sai hujjarsa mafi ƙarfi, cewa kayan lafiyarsu ƙalau. Ba zan yi maka ƙarya ba, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Biskit da ya wuce da wata ɗaya yawanci laushi kawai yake yi ko ya ɗan yi warin tsohon mai. Sukari da gishiri ma ba a buƙatar a sa musu ranar ƙarewa. Amma wa'adin nan alkawari ne da kamfani ya ɗauka bisa sharaɗin an ajiye kayan yadda ya ce, a wuri mai sanyi marar laima. Ka san zafin Makka, yana haura digiri 45 a bazara, ka kuma san ɗakin bayan bakalarku ko akwai na'urar sanyaya ɗaki ko babu. Kayan da suka yi wata da watanni a wannan tanderun sun tsufa tun kafin ranarsu, balle a ƙara musu wata shida da hatimi.

Cuku da laban, wato nono, da duk abin da ke zama a firji lissafinsu daban ne, domin akwai ƙwayar cuta mai suna Listeria da ke hayayyafa har cikin sanyin firji, kuma mai juna biyu da tsoho ta fi yi wa illa. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakin haɗinsa, wannan ko wa'adinsa bai cika ba shara ne. Gubar botulism da ke iya taruwa a abincin da aka rufe ba lallai ta canza wari ko ɗanɗano ba, jijiyoyi take kamawa har numfashi ya gagara. Ka tuna abin da ya faru a Riyad a watan Afrilu 2024, da mutane da dama suka kwanta asibiti har aka rasa rai, aka gano ƙwayar da ke haifar da botulism a cikin wani mayonis. Wancan ba batun goge kwanan wata ba ne, amma da lambar rukuni da ranar yi ake bin sawun irin wannan kaya a janye su daga kasuwa. Wanda ya goge rubutun gindin gwangwani ya toshe hanyar da za a bi a ceci wanda bai riga ya ci ba. Hanci da harshen maigidanka ba ɗakin gwaji ba ne.

Kuma su wa ke saye a wurinku? Ba sai ka gaya min ba. Iyayenmu mata ne na unguwa, da tsoffin da suka zo Umra ba su iya karanta Larabci ko boko ba, suna shigowa don sun ji Hausa a bakinka, su ce ɗana zaɓo min mai kyau.

Asarar da yake gudu tana da hanyoyin ragewa na halal, kuma duk ɗan kasuwar da ya san aikinsa ya san su. Kamfanonin madara da burodi da lemo da yawa suna karɓar murtaja', wato kayan da aka mayar, idan an yi magana da mandub a kan lokaci. Abin da ya rage masa 'yan makonni ana karya farashinsa a ajiye shi a gaba, kwanan watansa a fili, mai saye ya gani ya zaɓa da kansa. Sabon kaya baya ake turawa, tsoho a jawo gaba. Mu a sito duk safiyar Asabar sai mun fitar da jerin abin da ya rage wa wata uku, mu fara tura shi kafin komai. Wannan tsarin ma ba sabo ba ne. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Annabi (SAW) ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki ya ji laima. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Bai ce masa ya zubar ba, cewa ya yi me ya hana ka ɗora shi a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Laifin a ɓoyewar yake.

Amma wanda ranarsa ta riga ta wuce, wannan ya fita daga ciniki. Ko mai saye ya ce ya sani ya yarda, dokar ta ce saninsa ba ya ɗauke hukunci daga kan mai sayarwa. Ba a kuma sadaka da shi, kada wani ya ce a raba a bakin masallaci a samu lada. Juye garin madara ko shinkafa a leda a ƙulla a sayar ba suna ba kwanan wata, wanda na san wasu 'yan uwanmu suna yi a cikin gidaje, shi ma algus ɗin ne ya canza riga. Maigidanka ya sari kaya fiye da ƙarfin shagonsa yana hangen alhazai, bai kira mandub a kan lokaci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Asarar tasa ce, yana so ne ya raba ta tsakanin cikin mutane da igamarka, wato takardar izinin zamanka a ƙasar.

To me za ka yi? Kada hannunka ya taɓa kwalbar nan ko hatimin, kada kuma su kwana inda kake kwana ko cikin aljihun teburin da kai ke riƙe da makullinsa. Kayan da suka wuce ka sauke su daga kanta, ka zuba a katan, ka rufe da salatif, ka rubuta a jiki da Larabci cewa muntahi ne, wato wa'adinsa ya ƙare, ba na sayarwa ba. Mai bincike yana bambanta katan da aka ware aka rubuta da wanda aka jera. Ka ɗauki hotonsu da kwanan watansu na asali. Sannan ka tura wa maigidan saƙo a WhatsApp, cikin ladabi, ba zargi: ranka ya daɗe, kaya kaza da kaza wa'adinsu ya ƙare, na ware su, a kira mandub ko a zubar? Wannan ɗan saƙon shi ne abin da yaron can ya rasa. Duk amsar da ya ba ka, ka adana ta.

Idan ya haƙura, shi ke nan, ka cece shi ka ceci kanka. Idan ya nace, ko ka wayi gari ka tarar an yi aikin an jera, to kada ka sayar, domin mai miƙa wa mai saye ma yana cikin lissafi. Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar rahoto a 1900 ko ta manhajarta ta Balagh Tijari. Baladiyya 940 ce, Hukumar Abinci da Magunguna kuma 19999. Dokar algus ɗin ma ta tanadi tukuici da zai iya kai kashi 25 cikin 100 na tarar da aka karɓa ga wanda ya taimaka aka gano algus, ko da yake ban so ka yi don wannan ba, kuma ba ya zuwa sai shari'a ta ƙare. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: kada ka ɗora hoton shagon ko sunan mutumin a TikTok ko a zauren WhatsApp na 'yan unguwa. A ƙasar nan kotu ce kaɗai ke da ikon yi wa mutum tashhir. Ɓata suna ta intanet laifi ne mai zaman kansa, da ɗauri har shekara 1 da tara har riyal 500,000, sai ka ga mai gaskiya ya koma wanda ake tuhuma.

In kuwa masu bincike suka riga ka, suka shigo kana ciki, kada ka ɓoye komai, kada ka tare musu hanya, kada kuma ka yarda a sa ka kwashe kayan da suka riƙe bayan sun tafi, kowanne laifi ne daban. Ka faɗi abin da ka sani, ka nuna saƙon. Takardar da za su rubuta, mahdar, ita ce za ta bi ka har gaban alƙali, don haka kada ka sa hannu sai ka fahimci abin da ke ciki. Idan Larabcinka na ciniki ne kawai, ka nemi tafinta, ba abin kunya ba ne.

Na san abin da ke cin ranka a ƙasan duk wannan, wato aikin da kuɗin da kake aikawa gida. Idan igamarka a kan shagon take kuma kwantiraginka yana rajista, to tun watan Maris 2021 ma'aikacin kamfani ko shago da ya cika shekara yana iya neman komawa wani wurin aiki ba tare da sai kafil, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya yarda ba, bisa sharuɗɗan da aka gindaya, kuma ofishin ƙwadago yana amsa kira a 19911. Kai ka yi shekara 3. Idan kuwa igamar ta direban gida ce, ko ta mutu, ko babu ita, to na gane me ya sa kiran hukuma yake maka nauyi, kuma maigidan ya san da haka, shi ya sa kai ya zaɓa. A wannan halin ma abin da ya rage a hannunka shi ne ƙin yi. Ka nemi wani dattijo cikin mutanenmu da yake jin nauyinsa ya yi masa magana, ka kuma fara cigiyar wani wurin tun yanzu.

Yau da dare idan ya tambaye ka ya jiki, ka ce da sauƙi, Alhamdu lillahi. Sai ka ce masa: Baba, na yi tambaya, an ce min abin nan ɗauri ne da rufe shago da buga suna a jarida, ni kuma kora. Na ware kayan suna bayan ƙofa, gobe da safe zan kira mandub ɗin madara in ji nawa zai karɓa. Kwalbar kuma don Allah a tafi da ita gida.